Yadda Ake Tafiya Kai Kaɗai Cikin Duwatsun Atlas na Maroko

Daga birnin Marrakesh, in gari ya yi wasai ka dubi kudu, za ka hango dogon layin duwatsu da farar ƙanƙara a kawunansu. Su ne manyan duwatsun Atlas. A cikinsu Tubkal yake, mai tsayin mita 4,167, wanda babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Yawancin baƙi kwana biyu kacal suke ba wurin: su hau, su ɗauki hoto, su sauko. A ganina wannan asara ce, musamman ga Bahaushe. Mutanen kwarurukan nan Malikawa ne, da ruwayar Warshu suke karatu kamar yadda ake yi a tsangayunmu, kuma tarihin da ya gudana a tsakanin duwatsunsu ya taɓa malaman da muke karanta littattafansu. Ka ware kwana 10 zuwa 12. Amfanin tafiya kai kaɗai shi ne lokacinka yana hannunka, ka tsaya inda ka ga dama, ka zauna da mutane. Ba hujja ba ce ta shiga dutse ba tare da kowa ya san inda ka nufa ba.

Tun kana gida: jini, ƙafa da takardu

Kafin ka nemi tikiti, ka san nau’in jininka ta fuskar sikila, wato ko AA ne, ko AS, ko SS, ko SC. Wannan ya fi komai muhimmanci gare mu, kuma littattafan yawon buɗe ido da aka rubuta don Turawa ba su cika ambatonsa ba. A tsayin mita 4,000, iskar oksijin da jiki ke samu ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba. Mai ciwon sikila, wato SS ko SC, bai kamata ya hau Tubkal ba sam. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, yana iya gamuwa da matsalar saifa a irin wannan tsayi, musamman in ya haɗa gajiya da ƙarancin shan ruwa. Alamarta ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. In kai AS ne, ka ga likita tukuna, kuma ka yarda a ranka cewa ƙauyukan ƙasa sun ishe ka tafiya mai daɗi. Haka mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma.

Sai horar da jiki. Wata biyu ko uku kafin tafiya, ka riƙa tafiyar ƙasa da jaka a baya mai nauyin kilo 6 zuwa 8, sau uku a mako. Mutumin Kano ya hau Dala ko Goron Dutse ya sauko ya sake hawa, na Zariya yana da Kufena, na Jos ga duwatsun Shere. Wanda ba shi da dutse kusa ya nemi matakalar bene. Da takalmin da za ka tafi da shi za ka yi wannan horo, domin sabon takalmi ƙuraje da kanta yake kawowa a ranar hawa.

Lokacin da ya fi dacewa da sabon shiga shi ne daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba, kuma Satumba da farkon Oktoba sun fi daɗi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu saman dutsen ƙanƙara ce, sai da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara, kuma wannan ba aikin koyo ba ne ga wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba. A Yuli da Agusta ana yin hadari na farat ɗaya da yamma. A watan Agusta 1995 ambaliya ta kashe mutane da dama a kwarin Urika, ta kuma ɓarnata Imlil, ƙauyen da ake fara hawan Tubkal daga shi. In ka ga gajimare ya haɗu a saman dutse, ka bar bakin rafi.

Mai fasfon Nijeriya yana buƙatar biza daga ofishin jakadancin Maroko a Abuja, mai fasfon Nijar kuwa ana barinsa ya shiga ba biza don gajeriyar ziyara. Ko wanne ne kai, ka tabbatar da ƙa'idar da ake bi a ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin jirgi. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasablanka. Ka buga tikitin dawowarka da takardar masauki a kan takarda, ka riƙe su tare da fasfo. Gaskiya ita ce baƙar fata daga yankinmu ana yawan yi masa kallon mai neman tsallakawa Turai, kuma takardu a hannu suna gajarta tambayoyi. Ka yanki inshorar tafiya, ka karanta ka ga ta rufe hawan dutse har sama da mita 4,000, don da yawa suna tsayawa ƙasa da haka.

Game da kaya, sirrin shi ne sutura hawa-hawa: rigar ciki mai saurin bushewa, rigar sanyi a kanta, sannan jaket mai tare iska da ruwa. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, saboda haka ranar da Marrakesh ke tafasa, asubahin saman Tubkal yana iya daskarar da ruwa. Ka haɗa da hular sanyi, safar hannu, baƙin tabarau, tocilan ta ɗaurawa a goshi, man kaɗanya don leɓe da fuska, da kan caja mai ƙafa biyu zagayayyu. Sanduna da jakar barci ana ba da hayarsu a Imlil, ba sai ka saya ba.

Kwana biyu a Marrakesh

Daga filin jirgin Kasablanka akwai jirgin ƙasa zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan ka canja zuwa na Marrakesh, tafiyar kusan awa uku. Agogonsu ɗaya da na Nijeriya da Nijar, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya. Ka sayi layin waya, Maroc Telecom ko Orange ko inwi, ka kuma ciri dirhami isasshe a nan, domin a ƙauyuka da tsabar kuɗi ake komai.

Kada ka ɗauki birnin a matsayin tasha kawai. Kusa da ƙofar Bab Ailan kabarin Alƙali Iyad yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a garuruwanmu duk azumi. Shehu Jazuli mai Dala'ilul Hairati, wanda ya rasu a 1465, shi ma a birnin yake kwance. Ka ziyarce su, ka kuma yi salla a masallacin Kutubiyya, ka dubi hasumiyarsa da kyau. Waɗanda suka gina ta daga cikin duwatsun da za ka shiga suka sauko, kuma za ka je har garinsu, Tinmel.

Zuwa Imlil

Imlil yana da nisan kilomita 65 ko makamancin haka daga Marrakesh, a tsayin kusan mita 1,800. Motocin haya na haɗaka suna lodi a kudancin tsohon birni, wajen Bab er-Rob. Mutum shida suke ɗauka, kuma ba sa tashi sai sun cika. Kujera ɗaya sunanta “blasa”. Ka ce wa direba, “Sidi, blasa, Imlil,” don kar ya ɗauka shatar motar kake so. In babu mai zuwa kai tsaye, ka hau ta Asni ka canja a can. Ranar Asabar kasuwar Asni take ci, kuma in ka daidaita tafiyarka da ita za ka ga mutanen duwatsu sun sauko da alfadarai, da wanzamai da masu gyaran ƙafar dabba a bakin kasuwa.

Ka sauka a gidan baƙi na iyali, a Imlil ko a ƙauyen Arumd da ke sama da shi kaɗan. Mazauna wurin Amazigawa ne, harshensu Tashelhit, dangi na nesa ga harshen Buzayen Agadas, kuma haruffan Tifinag da za ka gani a allunan hanya da makarantu ’yan uwan waɗanda Buzaye ke rubutu da su ne. Tun 2011 harshen Amazig ya zama harshen hukuma a Maroko tare da Larabci. Sallama ita ce mabuɗinka. Namiji ka kira shi Sidi, mace Lalla, dattijo Alhaji. “Tanmirt” ita ce na gode. Larabcin littafi yana aiki da liman da malamin makaranta, Faransanci yana aiki kusan ko’ina.

Da dare za a kawo tajin a kaskon yumɓu mai murfi kamar malafa. Mai gida zai zuba maka ruwa a hannu daga buta, ya gutsura burodi ya ajiye gaban kowa. Da burodin ake ɗiba, da hannun dama, kowa daga gabansa. Naman yana tsakiya ƙarƙashin dankali da karas, kuma ba a fara kai masa hannu. Mai gida ne zai yayyaga shi a ƙarshe ya turo maka kasonka. Bayan nan shayi da na’ana’a, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kofi ya yi kumfa. Kar ka tashi a kofi na farko. A nan hira take, a nan za ka ji wane gida ya rushe a girgizar ƙasa, wane ɗa ya tafi Agadir neman aiki, nawa tuffa ta yi bana.

Ka je masallacin ƙauye sallar magariba, ka zauna bayan an sallame. Al’adar ƙasar ce a karanta hizifi ɗaya a tare, murya ɗaya, bayan asuba da bayan magariba, a sauke Alƙur’ani duk wata. Wanda ya yi allo zai iya bin su. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin mayar da baƙo ɗan gida a waɗannan ƙauyuka ba.

Bari jiki ya saba

Kwana biyu a Imlil kafin hawa, kar ka rage. Rana ta farko ka zagaya gonaki. An sassaƙa su hawa-hawa a jikin dutse, ana noma sha’ir da masara da dankali, ga itatuwan tuffa da manyan itatuwan da suke kira gargaa, masu ’ya’ya masu ƙwarya mai tauri. Ruwa yana zuwa ta ƙananan magudanu da ake kira targa, kuma kowane gida da sa’arsa ta ban ruwa, bisa tsarin da jama’ar ƙauye suka gada. Kada ka wanke ƙafa ko sabulu a cikinsu.

Rana ta biyu ka hau ɗaya daga mashigan duwatsu, waɗanda suke kira tizi: Tizi n’Mzik, kusan mita 2,500, ko Tizi n’Tamatert, kusan mita 2,300, ka dawo ka kwana ƙasa. Tun a Tizi n’Mzik ka riga ka wuce Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsayi a Nijeriya mai mita 2,419. Ka lura da numfashinka da kanka a wannan rana, ita ce gwajinka.

Jagora da alfadari

A Disamba 2018 aka kashe wasu ’yan mata biyu masu yawon buɗe ido, ’yar Denmark da ’yar Norway, a kusa da hanyar Tubkal. Tun daga nan hukuma ta wajabta jagora ga duk mai hawa, kuma akwai shingen jandarmomi da ake nuna fasfo. To ko kai kaɗai ka zo, wannan sashe da mutum za ka yi shi. Akwai ofishin jagorori a tsakiyar Imlil. Ka nemi ganin katin shaidar jagoran, sannan ku yi magana dalla-dalla tun kafin tashi: kwana nawa, wa zai biya masauki da abinci a sama, da alfadari ko babu, me zai faru in ka kasa ka juyo. Mace mai tafiya ita kaɗai tana iya roƙon a haɗa ta da wani ayari, ko matar gidan da ta sauka ta zaɓa mata jagoran da suka sani.

In ka ɗauki alfadari, ka dubi bayansa kafin a ɗora kaya. Dabba mai gyambo ko ɗingishi kar ka yarda, kuma kar ka hau kan kayan. Mai alfadarin shi ne mafi ƙarancin samu a duk wannan sana’a, ka ba shi kyautarsa a hannunsa. Ka bar wa mai masaukinka sunan jagora da ranar dawowarka, ka tura wa gida. Lambar jandarmomi 177 ce.

Hawan kansa

Ranar farko daga Imlil zuwa masaukin dutse ne, a mita 3,207, tafiyar awa biyar zuwa shida. Za ka ratsa faffaɗan busasshen rafi bayan Arumd, ka shiga gandun Tubkal da aka keɓe tun 1942, sannan hanya ta fara miƙewa sama. A tsakiyar tafiya akwai Sidi Shamharush, wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, wanda mutanen ƙasar ke cewa mazaunin sarkin aljanu ne, suna kawo marasa lafiya da dabbobin yanka. Ko me kake gani game da wannan a aƙidarka, kai baƙo ne: ka sha lemon da ake matsewa a rumfunan wurin, kar ka ɗauki hoton masu ziyara, ka wuce.

Masaukai biyu ne a sama, ɗaya na ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa reshen Kasablanka, ɗaya Les Mouflons. Gadaje ne a jere, ɗaki ɗaya mutum da yawa. Ka ci abinci ko ba ka marmari, ka sha ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, ka kwanta da wuri. Hukuncin kasaru da haɗa salla da taimama ka tambayi malaminka tun a gida, domin ruwan wurin yana sa yatsu su sandare. Alƙibla daga nan kusan gabas take sak.

Ɗan ciwon kai da rashin barci abu ne da aka saba. Amma in ciwon kan ya ƙi jin magani, ga amai, ga tangaɗi kamar mai maye, ko numfashi yana yi maka wuya kana zaune, ko tari mai kumfa, magani ɗaya ne: sauka, ko da tsakar dare ne. Kar ka ɓoye wa jagora don kunya ko don kuɗin da ka kashe. Akwai ƙwayar acetazolamide da ke taimaka wa jiki sabawa, amma likita ne zai rubuta maka ita tun a gida.

Wajen ƙarfe huɗu ko biyar na asuba ake tashi. Za ka tsallake rafi a bayan masauki, ka fuskanci gangare mai manyan duwatsu da tsakuwa mai zamewa, ba ka ganin komai sai da’irar tocilanka da fitilun waɗanda suka riga ka suna lanƙwasa sama. Taku gajere, numfashi ɗaya ga kowane taku, kar ka yi tsere da kowa. Bayan awa uku zuwa huɗu za ka kai mashigin da ke ƙasa da ƙololuwa, inda iska ke bugu, sannan ka bi kafaɗar dutsen zuwa wata dalar ƙarfe da aka kafa a sama. In sama ta yi garau, za ka ga filin Marrakesh a arewa, a kudu kuma dutsen Sirwa da ƙasar da ke gangarawa zuwa Sahara. Minti 20 sun isa. A saukowa aka fi faɗuwa, domin gwiwa ta gaji kuma tsakuwa tana gudu. In kana da hali ka sake kwana a masaukin, maimakon ka sauke mita 2,400 a yini ɗaya.

Tinmel

Bayan ka huta, ka koma Asni ka hau motar da ke bin hanyar Tizi n’Test, ta Wirgan zuwa Ijukak ko Talat n’Yakub, a kwarin Nfis. Tinmel yana gaba kaɗan, kusan kilomita 100 daga Marrakesh. A nan Muhammadu ɗan Tumart ya kafa sansaninsa wajen 1124, bayan ya yi karatu a gabas ya dawo yana wa’azin tauhidi, ya kira kansa Mahadi, ya tara ƙabilun Masmuda na waɗannan duwatsu a kan daular Murabiɗai da ke mulki daga Marrakesh. Ya rasu a 1130 bai ga nasara ba. Almajirinsa Abdulmumini ne ya ci Marrakesh a 1147, ya kafa daular Muwahhidai da ta mallaki ƙasa daga Andalus har Tunisiya, ya kuma gina babban masallaci a Tinmel don tunawa da malaminsa. Alƙali Iyad yana cikin waɗanda suka ƙi su a garinsu Sabta. Suka raba shi da garin, ya rasu a Marrakesh a 1149. In ka tsaya a wannan ƙaramin kwari ka dubi yadda duwatsu suka rufe shi ta ko’ina, za ka gane dalilin da dawakin Murabiɗai suka kasa shigowa.

Sai dai ka je da sanin halin da ake ciki. Girgizar ƙasa ta daren 8 ga Satumba 2023, mai ƙarfin maki 6.8, a kusa da nan ta samo asali. Ta kashe kusan mutum 3,000, ta rushe yawancin masallacin, kuma aikin sake gina shi da ƙauyukan na ɗaukar lokaci. Ka tambaya a Asni ko hanya a buɗe take. Kar ka ɗauki hoton kangon gidan mutum ba izini. Ka kwana a wurinsu, ka ci a wurinsu, ka biya ba tare da matsa ciniki ba.

Telwet da hanyar ayari

In kwanaki sun rage, ka koma Marrakesh ka bi hanyar garin Warzazat, wadda ke tsallake Tizi n’Tishka a mita 2,260. Jim kaɗan bayan mashigin akwai kwanar da ke zuwa ƙauyen Telwet, kusan kilomita 20. Kafin Faransawa su fasa titin Tishka, ta nan ayarin Sahara ke bi da gishiri da zinariya da bayi, kuma gidan Glawi da ke karɓar kuɗin fito a kansu ya yi arziki. A 1893 suka sauki Sarki Hassan na ɗaya da rundunarsa da sanyi ya galabaitar, ya bar musu igwa da muƙami. Tuhami Glawi ya zama Pasha, wato gwamnan Marrakesh, daga 1912, ya haɗa kai da Faransa, har ya sa hannu a tsige Sarki Muhammadu na biyar a 1953. Sarkin ya dawo a 1955, Glawi ya durƙusa ya nemi gafara, ya rasu a Janairu 1956, aka bar fadarsa ta Telwet tana zubewa. Ka tambayi mai gadi sassan da aka yarda a shiga, domin girgizar ƙasar ta taɓa ginin.

Daga Telwet ka gangara kwarin Unila, mai jar ƙasa da ramukan gishiri, zuwa Ait Ben Haddu, garin ginin ƙasa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987. Motocin haya ba su da yawa a wannan hanya, ka tashi da sassafe ko ka yi shata. Daga Warzazat motocin CTM da Supratours suna komawa Marrakesh cikin kusan awa huɗu. Ka sayi tikiti tun jajibiri, ka bar kwana ɗaya rara kafin jirginka, domin ruwa ko ƙanƙara kan rufe Tishka. Ragowar dirhaminka ka canja shi kafin ka fita ƙasar, ba ya canjuwa a gida. In kuma zazzaɓi ya kama ka a ko’ina cikin tafiyar, ka gaya wa likita ƙasar da ka fito, ka nemi a gwada maleriya, domin tun 2010 aka tabbatar Maroko ta rabu da cutar, kuma ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.